Kar-a-motsa a Bakin Tafki

Ƙanin mijina ya daɗe da rasa sunansa na gaskiya. Duk unguwarmu Kar-a-motsa ake ce masa, har mai karanta mitar wuta haka yake kiransa. Shekara da shekaru yana da shagon ɗaukar hoto a ƙasan benenmu, tsakanin mai aski da mai gyaran takalmi, kuma bai taɓa danna kyamara ba sai ya ɗaga hannun hagu ya daka tsawa, "Kar a motsa!" Amarya da ango, jariri a cinyar uwarsa, ɗalibi mai neman hoton fasfo, duk ɗaya ne a wurinsa. An taɓa kai shi ya ɗauki hoton wata mota da ta rungumi bango, ita ma sai da ya yi mata tsawar.

Sai waya ta zo, kowa ya zama mai hoto. Shagon ya mutu, wani saurayi ya karɓa yana sayar da rigunan waya a ciki, ka ji cin fuska. Matarsa kuma ta riga ta rasu, kamar yadda mijina, wato yayansa, ya riga mu gidan gaskiya. Sai ya koma hannun 'yarsa Nas, wadda ƙofarta ke kallon tawa a hawa na biyu. Aka ba shi kujera a gaban talabijin, ya nutse a ciki. Mutumin da muryarsa ke sa jariri ya haɗiye kuka ya koma sai ka gaishe shi sau biyu kafin ya ce "uhm".

Da sanyin bana ya kankama, sai na ga sabon abu. Tun gari bai waye ba zai fito a naɗe kamar katifa, jaka a baya, wani abu mai ƙafa uku a hammata, yana saukowa a hankali kamar ɓarawon da ke ciwon gwiwa. Ni ba na sa wa mutane ido, tagar kicin ɗina ce aka gina a daidai hanya. Kafin mako ya fita na riga na ba matan bene bayani kala-kala, kowacce na ba ta wanda ya dace da ita.

Nas ce ta lalata mini ciniki. Ta shigo da kayan aikinta a jiki, ta ce, "Inna, ki bar cewa Baba ya shiga caca."

"Ni? Ni na ce caca? Cewa na yi ba a sani ba ko caca ce."

"Tsuntsaye ne."

Ashe a ƙarshen layin bas akwai wani tafki mai fadama, inda tsuntsayen ruwa ke taruwa lokacin sanyi. Wasu mutane da ba su da aikin yi sun kafa ƙungiya suna ɗaukar su hoto. Suna da bukkar katako a bakin ruwa inda suke ɓuya, kowane ɗan ƙungiya da makullinsa. Sabon shiga aron makulli ake ba shi na sanyi ɗaya. Kafin sanyin ya fita sai ya kawo hoto guda na tsuntsu cikakke, kai da ƙafa da wutsiya, ido a fili. In shugabanni sun karɓa aka rataye a zauren baƙi na tafkin, makulli ya zama nasa. In ba su karɓa ba, ya mayar da abinsu.

"In aka karɓe makullin nan, kujerar nan zai koma," in ji Nas, "kuma wannan karon ban ga abin da zai tayar da shi ba. Jiya santsi ya kwashe shi a gadar katako, gwiwarsa ta kumbura. Ni ina aikin safe. Ki riƙa raka shi, Inna, tunda ke ba kya barcin asuba."

"Wa ya gaya miki?"

"Labulenki."

Na yarda, don ba a taɓa gayyata ta ganin abin da ban sani ba na ƙi.

Washegari muka hau bas ɗin farko, mu biyu sai masu shara. Ya dube ni sama da ƙasa, rigar sanyi uku da bargo. "Matar Yaya, can ba a magana fa."

"To, ƙanin miji. Ni da magana ina muka haɗu?"

Tafkin kuwa, an ce wai kyau gare shi. Ni da farko sanyi na gani, don sanyin wurin har ganinsa ake yi. Hazo ya kwanta a kan ruwa kamar tururin tukunya, bakin gaɓa ya yi ƙanƙara siririya irin gilashin taga, dogayen ciyayin ruwa sun bushe sun yi furfura da daskararriyar raɓa. Itatuwa tsirara, ko kunya babu. Can tsakiya, inda ruwan bai daskare ba, agwagin ruwa ne jingim suna ta ƙus-ƙus, na ce waɗannan da na iya yarensu da mun shirya. Da rana ta fara leƙowa sai hazon ya yi ja-ja, ruwan ya ɗauka. To, nan kam na ce ba laifi.

Ya zaro makullin daga cikin riga, a igiya yake rataye a wuyansa, ya buɗe bukkar kamar mai buɗe banki. Ciki benci ne dogo da 'yan tagogi sirara. Mun tarar da shugaban ƙungiyar, wani likitan haƙori da ya yi ritaya, ya ɗora wa kyamararsa baki mai tsawon bututun ruwan sama. Ya ga ƙanin mijina, fuskarsa ta canja irin ta wanda ya ga mai binsa da surutu. Ya ɗora yatsa a leɓe. Muka zauna.

Ba a jima ba sai ga zalɓe. Ya sauko a hankali ya tsaya cikin ruwa mara zurfi, gab da tagarmu, dogo, toka-toka, wuya a lanƙwashe, fuska a murtuke kamar shugaban makaranta. Ya tsaya ƙyam. Ko gashinsa ba ya rawa. A duk halittar Allah ban taɓa ganin wanda ba ya bukatar a ce masa ya tsaya kamar tsuntsun nan ba.

Ƙanin mijina ya kafa ƙafa uku, ya sa ido, ya murɗa nan ya murɗa can. Hannunsa ko rawa ba ya yi, nan na tuna gwani ne. Sai na ga hannun hagu yana tashi sama.

"KAR A MOTSA!"

Jama'a! Tafkin nan gaba ɗaya ya tashi sama. Zalɓe ya kwashi ƙafafunsa, agwagi suka rufe rana, wani abu mai gashi da ban ma san yana wurin ba ya faɗa ruwa tsulum. Aka bar mu da ruwa yana rawa.

Likita ya cire ido daga kyamara a hankali. "Malam, tun kafin ka tashi barci nake jiran tsuntsun nan."

"Ka yi haƙuri, Likita. Fita ta yi."

"Kullum fita take yi. Ba ta da ranar hutu ne?"

Ni kuwa dariya ta shaƙe ni har na ciji bargo. Likita ya harare ni, ya haɗa kayansa, ya ce daga yau in akwai wani a bukkar, ƙanin mijina ya jira a waje.

Da muka rage mu biyu na ce ya nuna mini abin da ya tara tun farkon sanyi. Ya juyo mini ɗan gilashin bayan kyamara. Ruwa. Ruwa da ciyawa. Ruwa da da'ira a tsakiya, inda agwagwa take kafin a yi mata magana. Ƙafafu biyu suna fita ta saman hoto. Gashin wutsiya guda yana saukowa shi kaɗai.

"Wannan fa?"

"Dinya ce."

"Ina take?"

"Ta tafi."

"Ƙanin miji, ai kai ba hoton tsuntsu kake ɗauka ba, hoton inda tsuntsu ya taɓa zama kake ɗauka."

Bai yi dariya ba. Ya shafa makullin ta saman riga, ya zuba mana shayi daga filas.

Daga nan na ɗauki aikin magani a kaina. Muka koma zuwa ranakun aiki, lokacin da bukkar ba kowa. Na fara da naɗe masa baki da ƙyallen wuya har zagaye huɗu. Tsawar ta fito ta cikin ulu, "Mar a mosa!" tsuntsaye kuma suka fahimta sarai. Na sa masa alawa mai tauri a baki, ya haɗiye ta tare da kalmar farko, na sha dukan bayansa kafin ya dawo daidai. Na kawo salatif, ya ce shi ba kwali ba ne. Na ce to ya saita, ni in danna masa.

Nan ya fusata. "Yatsanki a kan kyamarata? Sai in kai musu hoton wa? Naki?"

"Wa zai sani?"

"Ke fa za ki sani. Kafin azahar bene ya sani."

Ban musa ba.

Wata safiya da muka sake korar tafkin, na tambaye shi da gaske, "Wai me ke sa ka? Ka san ba sa jin magana."

Ya ce, "Maigidan da ya koya mini aiki cewa ya yi, wanda ya ɗauki hoton mutum bai gaya masa ba, sata ya yi. Sai ka sanar da shi, ya gyara fuska, ya ba ka da hannunsa. Tun ina yaro bakina da yatsana igiya ɗaya ce ta ɗaure su. Ina ganin tsuntsun nan ya tsaya yana harkarsa, sai in ji kamar ina leƙen mutum ta taga."

"To meye a ciki?" na ce. "Wasu da shi suke rayuwa."

"Na sani, Matar Yaya. Ƙofarmu na kallon taki."

Zaman bukka kuwa bai hana ni sana'ata ba. Mutanen nan sun ɗauka shiru shi ne a rufe baki. Ba su san akwai muryar da ake ba da labarin mace tana zaune a kujerar gaba ba tare da ta juyo ba. Da wannan muryar nake ba shi labarin bene kaf, wa ya sayi firij, wa aka ga surukarsa da akwati a tasha, yayin da wata agwagwa ke barcinta a ƙarƙashin tagarmu ko ido ba ta buɗewa. Shi dai sai "uhm", amma na lura kunnensa yana matsowa.

Sanyi ya fara sassautawa. Ƙanƙarar gaɓa ta narke ta bar taɓo, agwagin suna raguwa kullum, garke-garke suke tashi su nufi inda suka fito. Likita ya tare mu a gadar katako ya ce ranar Asabar shugabanni za su zauna. Ya faɗa da tausayi, wanda ya fi zagi ciwo. "In bai samu ba, ka taho da makullin. Ba faɗa ba ne, doka ce."

Muka kamo bas zuwa gida, ni da ƙanin mijina. Da muka hau bene, ƙofar Nas a buɗe, na hango kujerar nan da raminta na zama yana jiransa. Shi ma ya gan ta.

Washegari hazo ya yi kauri, muka zauna har ƙafata ta daina sanin tawa ce. Tafkin fayau, sai 'yan tsiraru can nesa. Har na fara naɗe bargo sai ga mutumin, zalɓe, ya sauko wurinsa na kullum. Hazon ya buɗe daidai kansa, rana ta zubo masa a baya, ciyayi suka yi ruwan zinariya. Ni da ban san hoto ba na san wannan hoto ne.

Ƙanin mijina ya sa ido. Ya saita. Yatsansa ya hau madanni. Hannun hagu ya fara tashi, ƙirjinsa ya cika da iska.

Na matsa kunnensa, da muryar nan tawa, na ce, "Mai Burodi ta ce tana sonka."

Mai Burodi wata bazawara ce da ke da shago a kwanar layinmu, doguwa, mai damatsa, ba ta yi wa kowa dariya. Ban san daga ina sunanta ya faɗo mini a baki ba. Ko gaisuwar kirki ba mu taɓa yi da ita ba.

Bakinsa ya tsaya a buɗe, iskar ta maƙale. Hannun hagu ya sandare a sama kamar mai tsayar da tasi. Yatsan dama kuwa ya danne madanni ya manta a wurin, kyamara ta kama ƙyat-ƙyat-ƙyat tana zuba. Shi ba ya ma kallon tsuntsun, ni yake kallo, idanu waje.

"Wa... wace?" ya ce can ƙasan maƙoshi.

"Ta ce tun kana da shago. Ta ce gashin bakinka."

Ƙyat-ƙyat-ƙyat.

Zalɓe ya gama abin da ya kawo shi, ya buɗe fukafukai ya tafi da kansa, ba wanda ya kore shi. Wannan ne karo na farko da tsuntsu ya bar ƙanin mijina don ra'ayin kansa.

Muka haɗa kai a kan gilashin. Hotuna rututu, amma da yake ya juyo yana kallona ya girgiza kyamarar, yawancinsu sun yi dishi-dishi. Ɗaya tak ya fito tas. Kai, ƙafa, wutsiya, ido rawaya kamar zai yi magana, hazo da zinariya a baya, kowane gashi ana iya ƙirga shi. Sai dai wutsiyar a ɗage take, kuma daga ƙarƙashinta ga wani farin layi dogo ya fito yana sheƙi a hasken rana, ya lanƙwasa kamar ruwan famfo kafin ya taɓa tafki.

Na zame daga benci don dariya.

"Ba zan kai wannan ba," in ji shi. "Kin ga abin da maigidana yake faɗa ko? Da na sanar da shi ai da ya kintsa."

"Da ka sanar da shi da yanzu hoton ruwa muke kallo. Kai, ƙafa, wutsiya suka ce. Sun ce ban da abin da ke fitowa?"

"Mutuncin tsuntsun fa?"

"Shi ya zubar da abinsa a gaban jama'a."

Ya yi ta juya maganar har gida, amma ya kai aka wanke hoton babba, aka sa a firam.

Kafin Asabar wata matsalar ta taso. Ƙanin mijina ya rage gashin baki, ya samo turare, ya koma sayen burodi safe da rana da yamma. Nas ta rasa inda za ta sa shi, ta riƙa turo mini, har saman firij ɗina burodi. Mai Burodi ta tare ni a kwana, gari har gwiwar hannu.

"Baiwar Allah, tsohon nan na benenku lafiyarsa ƙalau? Sai ya saya ya tsaya yana murza gashin baki yana kallona."

"Gwiwa ce ke damunsa," na ce. "Sai ya huta kafin ya iya tafiya."

"To ki ce masa akwai benci a waje."

Ranar Asabar muka je zauren baƙi, ni da shi da Nas. Shugabanni uku a bayan tebur, Likita a tsakiya. Ƙanin mijina ya ciro makullin daga wuya ya ajiye a gabansu tukuna, sannan ya kwance takardar firam. Ya jingina hoton a kan tebur.

 Wata mata mai tabarau a cikinsu ta toshe baki da hankici, kafaɗunta suna tsalle. Na ukun ya ce zaure ne da yara 'yan makaranta ke zuwa. Matar ta ce ai yaran ma suna yi. Likita ya ɗauki hoton ya kai kusa da hanci, ya nesanta, ya sake kawowa, kamar mai neman rami a haƙori.

"Idon ya fito," ya ce. "Hasken ma... kai. Na daɗe ina bin tsuntsun nan, bai taɓa sakin jiki da ni haka ba." Ya ajiye. "Malam, tambaya ɗaya. Yaya aka yi ka yi shiru?"

Ƙanin mijina ya kalle ni, kunnuwansa suka yi zafi har ina gani. "Labari aka ba ni, Likita."

"Ko ma wane labari ne, a riƙa ba ka shi kullum."

Ya tura masa makullin da yatsa ɗaya. Ƙanin mijina ya ɗauka, ya rataya, ya cusa cikin riga, ya dafe wurin da tafin hannu. Nas ta juya baya wai wani abu ya faɗa mata a ido.

An rataye hoton, amma can ƙarshe, tsakanin tukunyar kashe gobara da ƙofar banɗaki. Na ce wa Likita bai taɓa yin abin da ya dace kamar wannan ba. Kafin mu fita mutane sun bar hotunan faɗuwar rana da na agwagi masu ladabi sun taru a nan, har masu son shiga banɗakin suna neman hanya.

A bas ɗin komawa Nas ta samu kujera a gaba, mu biyu muka zauna a baya. Yana ta lissafin tsuntsayen da ke zuwa in ganye ya fito, wai akwai wani ƙarami shuɗi mai kama kifi, shi zai sa a gaba. Can ya gyara murya, ya matso.

"Matar Yaya."

"Na'am, ƙanin miji."

"Maganar nan. Da bakinta ta gaya miki, ko wata ce ta gaya miki ta ce?"

Na ja bargo har hanci, na jingina kai da gilashi, na fara minshari.